Askar Rayyanu

Tun da Rayyanu ya tafi Afirka ta Kudu, ubansa Hashimu wanzami bai daina wasa masa askarsa ba. Tana nan cikin zabira, ba ta taɓa kan kowa. Wanzanci gadon gidansu ne a Kanan-Bakashe, Rayyanu ne kaɗai ɗa namiji, shi ne kuma ya ce hannunsa ba na aski ba ne.

Ran kasuwa da la'asar, Zulfa, ɗiyar Hashimu mai koyar da Ingilishi a Mayahi, ta iske shi gindin dogon yaro, ta kunna masa saƙon muryar Rayyanu a wayarta. Rayyanu ya ce ya samu aiki a wata gona, ana ce da aikin shiyarin.

"Mi ne ne shi kuma?" in ji Hashimu. "Allah sa ba kwasar shara ba ce."

"Baba, aske gashin tumaki ne. Ga tunkiya aka fi faɗin kalmar, ba ga kan mutum ba."

"Tunkiya? Suna za a raɗa mata?"

Zulfa ta yi dariya. "Nasu ba irin namu ba ne. Gashi har ƙasa, da shi ake saƙa bargo."

Sai ta nuna masa bidiyon da ya biyo saƙon. Ga Rayyanu a duƙe, ya rame, ya matse tunkiya tsakanin gwiwoyinsa, inji na kuka a hannunsa na dama. Hashimu ya ce a sake. Aka sake.

"Tsaya nan."

Ba injin yake kallo ba, hannun hagun yake kallo. Babban yatsa na gaba yana miƙe fata, kaifi na biye.

"Hannuna ne wannan," ya ce a hankali. "Ya ƙi zama in koya mishi. Ashe yana kallo."

Sannan ya tambayi Zulfa ko Rayyanu ya faɗi ranar dawowa.

"Ya ce in sun gama nan, wata gonar za su."

Hashimu ya buɗe zabira, ya shafa ƙotar askar. Ya ce Zulfa ta danna wurin ɗaukar murya, zai yi magana.

"Rayyanu, na gani. Bayan kunne fata ba ta da kauri, ka riƙa sassauta hannu."

Ya sake duban askar. Zulfa ba ta ɗaga yatsanta ba.

"Askarka tana nan. Ba ta yi tsatsa ba."