Muryar Hassana a Kulle

Wata takwas ke nan da rasuwar Hassana, amma har yau in Huseina ta dawo daga aiki ta shigo lungunsu na Ƙofar Galadima, sai ta laluba waya ta ga ko an turo mata saƙo. Tagwaye ne. Ko da aka kai Hassana Kaduna gidan miji, ba ranar da ba ta turo saƙon murya ba: yau ta ƙona miya, gobe maƙwabciya ta ɓata mata rai, wani lokacin ma ba magana, waƙa ce kawai da dariya. Ita Huseina aurenta ya daɗe da mutuwa. Gidansu mai ɗaki tara, saura ita da Gwaggo Asama'u, yayar mahaifinsu, wadda idonta ya fara hazo.

Da wayar ta soma ɗaukewa, Huseina ta kwashe saƙonnin nan kaf da hotuna ta zuba a kwamfutarta. Allah ya taimake ta, bayan mako biyu wayar ta mutu murus. Duk abin da ya rage na muryar Hassana a duniya yana cikin kwamfutar nan, kuma kullum bayan la'asar sai ta saurari guda biyu ko uku.

To, ran nan a ofis sai ta ji wata tana cewa wai wasu masu gyaran kwamfuta bincike suke yi a hotunan mutane. Nan take ta tuna da abin da ke cikin tata. Akwai hotunan Hassana ba ɗankwali, akwai maganganun da ko mijinta bai taɓa ji ba. Haba! Wani ƙato ya zauna yana kallon gashin 'yar'uwarta, ita kuwa tana kabari? Injiniyan ofishin ya duba ya ce ta yi sa'a, faifan ajiyar kwamfutarta irin mai kulle kansa ne, makullin a jikinsa yake, kunnawa kawai za ta yi. Ya rubuta mata matakan. Ya ce za a ba ta lambobin ceto, ta ba wanda ta amince da shi ya ajiye.

Ranar Asabar da hantsi ta zauna a kan tabarma ta bi matakan ɗaya bayan ɗaya. Ta shiga saiti, ta zaɓi faifan ya yi kullewar da kansa, kwamfutar ta mutu ta tashi, sannan ta fito da lambobi arba'in da takwas, ta tambayi inda za a adana su. A intanet? Huseina ta taɓe baki, ai gudun idon jama'a ya kawo ta nan. Ta yago takarda, ta rubuta Bismilla a sama yadda mahaifinsu ya koya musu, ta kwafe lambobin, ta sake dubawa sau uku. Sai ta zauna riƙe da takardar tana tunanin wa za ta ba. Mutum ɗaya ce ta faɗo mata a rai, ita ce kuma aka kulle a ciki. Ta yi kuka mai isarta, sannan ta kai takardar ɗakin marigayi mahaifinsu ta cusa cikin tsofaffin takardunsa.

Damina ta kankama. Wata Laraba aka yi tsawa kwamfutar tana jone da wuta, shi ke nan, ko ƙyaftawa ba ta sake yi ba. Huseina ta kai wa Malam Mustapha mai gyara a bakin kasuwa.

“Injin ya ƙone, Malama, amma faifan lafiyarsa lau,” in ji shi. Ya zare shi ya sa a wata kwamfutar, allon ya yi shuɗi. “Kin kulle shi ashe. Kawo lambobin, yanzu a buɗe.”

Da ƙarfinta ta koma gida. Ta shiga ɗakin mahaifinsu, ta tarar an share shi fes, littattafai a jere, warwatsattsun takardu kuwa babu ko ɗaya.

“Gwaggo, ina takardun da ke kan kantar nan?”

Gwaggo tana tsakar gida tana tsince shinkafa. “Ai ɗakin yoyo yake, 'yar nan, ga ɓeraye suna jan su ƙasa. Duk wadda na kai kusa da ido na ga sunan Allah a kai na ware, na ƙona, na binne tokar a gindin zogale. A bar sunan Allah ɓera na takawa? Ba da ni ba.” Ta ɗago kai. “Lafiya?”

Me za ta ce? Tsohuwa ta yi abin da aka tashi ana yi a gidan. Huseina ta ce lafiya lau, ta koma kasuwa da ƙafa, ko mayafinta ba ta gyara ba.

Malam Mustapha ya saurare ta har ta gama, ya girgiza kai. “Wallahi ko wanda ya ƙera shi ba zai buɗe ba. Aikin da kika sa shi, shi ya yi. Sai haƙuri.” Ya naɗe mata faifan a leda, ɗan abu bai fi akwatin ashana biyu ba.

Aka yi la'asar. Ta zauna a ɗaki da ledar a cinya, gidan tsit. Tsoro ya kama ta, tsoron kada ta manta muryar. Ta rufe ido ta fara maimaita saƙon da ta fi so da ƙarfi, da irin jan harshen Hassana da dariyarta: “Ke Usaina, kina ina ne? Wallahi yau miyata ko akuya ba za ta sha ba...”

A tsakar gida ƙarar faranti ta tsaya.

“Hassana?” in ji Gwaggo. “Ke ce?”

Huseina ta toshe baki da tafin hannu. Tana jin takun tsohuwar tana lalubo ƙofa.