Ranar Ban Ruwan Dattijo

Abuzar ya zo hutu daga makarantar horar da 'yan sanda, kai ƙwal, ya rame ya yi baƙi. Horon ko rabi bai kai ba, amma mahaifinsa Malam Iliyasu ya riga ya naɗa shi kwamishina a majalisar ƙofar gida.

Da safe uban ya ce, "Sa kakin nan ka raka ni gona."

"Baba, an hana mu yawo da shi."

"Wa ya ce yawo? Rakiya ce kawai."

Sai da suka isa bakin magudana Abuzar ya gane irin rakiyar. Ranar ban ruwan Dattijo ce, maƙwabcin gonarsu. Tumatirinsa ya yi fure, in ruwan yau ya wuce shi furen zubewa zai yi. Malam Iliyasu kuwa albasarsa yake so ta sha. Wannan Dattijon ne ya goya Abuzar a babur zuwa wurin tantance masu neman aikin ɗan sanda, ya yini cikin rana yana jiransa.

Malam Iliyasu bai yi maganar ruwa ba, ya fi haka wayo. Cewa ya yi, "Dattijo, ga ɗanka, yanzu hukuma ne." Sannan ya tsura wa magudanar ido.

Dattijo ya dubi kakin, ya dubi takalmin. Ya ajiye fartanya, ya durƙusa cikin taɓo da furfurarsa.

"Ranka ya daɗe, sannu da zuwa."

Daga nan ya miƙe, ya tara laka ya toshe mashigar gonarsa da hannunsa, ruwa ya karkata wajen albasa.

Kunya ta kama Abuzar kamar ya nutse. Wahalar fareti duk bai taɓa jin ta kai wannan ba. Ya ƙi kallon mahaifinsa, ya faɗa cikin magudanar da takalminsa, ya kwashe lakar, ruwa ya koma wa tumatir.

"Baba Dattijo, ni ne fa, Abuzar. Yau ranarka ce."

Ya so tsohon ya dungure masa kai, ya kira shi ɗan nema yadda ya saba.

Dattijo ya ja da baya, hularsa a hannu.

"To, na gode, yallaɓai. Fito, kada takalmin gwamnati ya lalace."