Iskar da Mastura Ta Ƙara

Ranar Laraba ce, tun asuba ake tafka ruwa, kwatocin Agege duk sun tumbatsa. A ranar aka kwantar da Sanda a asibiti. Shekara ashirin da biyu ya yi yana babbakar fatar shanu a mayanka da wutar tsofaffin tayoyi, har hayaƙin ya cinye masa huhu.

Matarsa Mastura na gefen gado, tana kallon robar oksijin da aka sa masa a hanci. Ɗan abin da ke fitowa bai taka kara ya karya ba, shi kuwa sai haki yake kamar mai hawan tudu da kaya.

"Sista, ki ƙara masa mana," in ji Mastura.

Nas ɗin ta ce, "Iya, kar ki taɓa. Likitoci sun yi bincike, mai irin huhunsa in iskar ta yi yawa, cutar da shi take." Ta wuce gado na gaba.

Mastura ta taɓe baki. Mai tuwo ce ita, in ta ga rowa tana gane ta. A gidansu ba a auna wa mara lafiya komai.

Da ƙyar Sanda ya ce, "Maman Raihana, bar musu kayansu. Ke da ko rediyo kika murɗa sai ya lalace."

"Yi shiru, Malam. Numfashi bai ishe ka ba, amma kana da na tsokana."

Da azahar nas ta fita, Mastura ta murɗa makunnin iskar har ƙarshe. Can sai hakin ya lafa, ya lumshe ido. Ta yi hamdala, ta ja masa mayafi, har ta kira 'yarsu ta ce jiki da sauƙi.

La'asar ta yi, ta taɓa shi ya tashi salla. Shiru. Ta girgiza shi da ƙarfi, ko motsi.

Likita ya zo, ya dubi makunnin, ya dube ta. Ya ce wannan ba barci ba ne, gurɓatacciyar iska ce ta taru a jininsa. Aka gungura gadon da gudu zuwa ɗakin kulawa ta musamman, aka zura masa bututu a maƙogwaro. Ita aka bar ta a bakin ƙofa.

Sanda ya rayu. Kwana goma sha tara suka wuce bai san inda kansa yake ba. Haƙoransa biyu sun tafi wajen sa bututun. Muryarsa ba ta dawo ba, ƙarfin aiki ma haka.