Oda Biyu a Bayan Unguwa

Kowane direban jirgin ƙasa yana danna oda a mararraba, amma Sarkin Birki, kamar yadda abokan aiki ke kiransa, yana da tasa ta daban. In ya zo wucewa ta bayan unguwarsu sai ya danna gajeru biyu, don matarsa ta san shi ne.

Tun ranar da wani mutum ya tsaya masa a kan layin dogo, birki bai ceci mutumin ba, hannun Sarkin Birki ya fara rawa. Da ya zauna a kujerar tuƙi sai gumi ya karyo masa. Shugaban tasha ya sauke shi, ya ce ba zai sake tuƙi ba sai ya ga likitan ƙwaƙwalwa na ma'aikata.

To, ai nan ake yin ta. Wa ya kai Sarkin Birki tsokanar masu zuwa ofishin nan? Shi ne mai cewa notinsu ya kwance. Yanzu da wane ido zai zauna a bencin ƙofar likitan, masu shara suna wucewa suna gaishe shi? Kunya ta hana shi zuwa, ta kuma hana shi faɗa a gida. Kullum sai ya sa kayan aiki, ya ɗauki kular abinci, ya je ya ɓuya cikin wani mataccen tarago a bayan tasha har a tashi.

Wata safiya ya fito ya tarar da matarsa a bakin ƙofa, ta yafa mayafi, ta sa takalmi.

“Ina zuwa haka?” in ji shi.

“Rakiya zan yi maka, Baban yara.”

“Wajen aikin? Yau kuma ni ake yi wa rakiya?”

Ta karɓi kular daga hannunsa.

“Jirginka yana wucewa kullum,” ta ce a hankali. “Oda ɗaya yake yi, doguwa. Tun ranar farko na san ba kai ba ne a ciki.”

Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ashe duk gugar da take yi wa rigar aikin nan, tana sane.

“Me ya hana ki magana?”

“Jira nake ka faɗa da bakinka. Na gaji da jira.”

Ya sunkuyar da kai.

“Akwai wani benci a ƙofar likitan da aka ce in gani,” ya ce. “Kowa zai gan ni.”

“Zai ɗauki mutum biyu?”

Ya ce zai ɗauka. Ta ja ƙofar ta kulle.