Igiyar Ladidi a Garin Manhaja

A daren jiya mafarki ya jefa ni cikin manhajar da nake aiki da ita. Ni ke kula da tallar yajin Gwaggo Barira a soshiyal midiya. Ina raba wa masu bidiyo aiki, manhajar kuma tana nuna min wanda tallarsa ta jawo masu saye. Sai ga ni tsaye a cikinta, har da takalmina.

Ashe gari ne guda. Rana ta fito daga rijiya, ba wanda ya waiwaya. Kowane mai bidiyo da rumfarsa, a kan rumfar akwai igiya da ke miƙewa sama duk lokacin da aka saya ta hanyarsa.

Shugaban ofishin garin wani raƙumi ne mai tabarau.

"Kai ne Nafi'u?" in ji shi. "Kafin la'asar za mu goge Ladidi. Igiyarta kwance take."

Ladidi mai dafa miya ce a bidiyo. Ita ta fara yarda ta tallata mana, lokacin da kowa ke kashe mana waya.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ana saye saboda ita."

"Ba mu gani ba. Abin da ba mu gani ba kuwa, cinye shi muke yi."

Na ce ba za a ci Ladidi ina tsaye ba.

Sai na gan ni a rumfarta. Tana juya miya, tukunyar na zaune a kan ƙanƙara tana tafasa.

"Yaya Ladidi, ina masu kallonki?"

"Suna bayan katanga, ƙanina. Ba su iya danna komai ba, sai dai su aika a sayo."

Katangar ta kai gajimare. Na gaishe ta, na tambayi iyali, ta rusuna na tsallake. A can na tarar da tsofaffin mata cike da fili, sun sunkuya a kan waya ɗaya mai faɗin tabarma. Na roƙe su su biyo ni.

"Sai mun gama kallo, ɗan nan," in ji wata.

Na ɗauki wayar na ɗora a kai. Suka biyo ni suna ɗage, suna ci gaba da kallo.

A ƙofar gari wata agwagwa mai gadi ta tare mu.

"Kowa ya nuna lambar mai bidiyon da ya yi sayayya da ita."

Ba mai lamba. Na ce, "Iyaye, ku hura mata numfashi."

Ta farko ta hura, ƙamshin yaji ya bugi agwagwar, ta yi atishawa. Igiyar Ladidi ta ɗan ɗaga kai. Suka jeru suna hurawa, agwagwa na atishawa tana cewa, "An shigar." Amma igiyar ta daɗe a kwance, ta yi tsami. Na shiga ƙarƙashinta na sa kafaɗa, na tura ta sama.

Raƙumin ya iso, ya cire tabarau ya duba.

"Ta tashi?"

"Ta tashi, ranka ya daɗe."

"To, a bar ta. A ƙara mata rumfa."

Ladidi ta ɗebo miya a ludayi ta miƙo min. Na buɗe baki ke nan, injin markaɗen maƙwabta ya ɓarke da ƙara. Na farka kafaɗata na ciwo.