Tiyon da Ya Kwanta Cikin Kwata

Ƙanenta Gafaru ne ya aiko wa Mma Sanatu injin wanke kwanuka daga Jamus, tsohon hannu amma mai lafiya. Ta sa aka kafa shi a bayan shagonta na tuwo da waakye, wato shinkafa da wake, a unguwar Maamobi, jikin bangon da ya raba ta da babbar kwata. Duk rani bai taɓa ba ta matsala ba.

Da damina ta kankama, farantai suka fara fitowa da yashi-yashi da wari irin na jiƙaƙƙen tsumma. Ta ciro matatar ƙasan injin ta wanke da buroshi. Ta sa tsinke ta buɗe ramukan da ke feso ruwa, ta canza sabulu. Warin ya ragu, bai tafi ba. Sai ta riƙa goge farantan da tawul tana zuba abinci.

Ranar Laraba da hantsi Wadia ta shigo, 'yar Baba Sumaila, tsohon da kullum yake cin tuwonsa a bencin shagon.

"Mma, kar ki ajiye wa Baba tuwo yau. Yana asibiti. Amai da gudawa tun asuba, har an sa masa ruwa. Direban nan da suke zama tare a bencin nan ma, an ce yana kwance."

Ludayi ya tsaya a hannun Sanatu. Ta juya ta dubi benci. Wata mata tana lakato tuwo daga faranti tana sa wa jaririnta a baki. Sanatu ta isa wurinta ta janye farantin.

"Yi haƙuri, 'yata. Miyar ta lalace."

Ta kira Fataw, mai gyaran firji da injuna a Kotobabi. Da ya zo ya jawo injin, ya bi tiyon da ke fitar da ruwa har ramin da ya ratsa bango, ya zagaya baya. Ya daɗe bai dawo ba.

"Mma, zo ki gani."

Bakin tiyon yana nutse cikin kwatar, wadda ruwan sama ya cika da ledoji da baƙin laka.

"Tiyon nan sai ya hau sama kafin ya sauka," in ji shi. "Wanda ya kafa ya kwantar da shi a ƙasa. In kwata ta cika, ruwan yana komawa ciki. Ƙarfen da ke dafa ruwa ma ya mutu, da ruwan sanyi yake wanke-wanke."

Ya karkata injin a kan roba. Abin da ya zubo baƙi ne, warinsa ya cika shagon.

"Tun yaushe?" in ji Sanatu.

"Wataƙila tun ruwan farko."

Ta zauna a kan buhun shinkafa. Fuskoki suka riƙa zuwa mata: 'yan makaranta, masu dako, matan da ba ta san ko sunansu ba, balle gidajensu.

Ta zubar da abincin duka, ta rufe shago, ta tafi asibiti. Ta gaya wa nas abin da aka gano. Nas ɗin ta ce mutane da yawa aka kawo daga unguwar a makon nan, ba wanda zai iya cewa daga ina ciwon ya fito.

Baba Sumaila yana kwance, idanunsa sun zurma, leɓɓansa sun bushe. Ta zauna gefen gadon tana kallon ƙirjinsa, duk lokacin da numfashin ya jinkirta sai ta miƙe tsaye.

Wajen la'asar ya buɗe ido. Ya daɗe yana dubanta kafin ya gane ta.

"Sanatu. Wa kika bar wa shago?"

"Na rufe, Baba."

"Ba ni ruwa."

Sanatu ta ɗauko kofin ruwa ta tsaya tana duban cikinsa, sai Wadia da ke jinyarsa ce ta karɓi kofin ta ba shi.