Wanda Ya Leƙa Ya Fita

Duk ranar Asabar da yamma Yaya yakan ja ƙofar shagonsa rabi, ya ture wayoyin mutane da ya kwance gefe guda, ya kunna babbar talabijin ɗin da wani ya kawo gyara bai dawo ya karɓa ba. A nan muke kallon sabon kashi na anime ɗin da ake nunawa yanzu, wato katun na Japan, wanda mu muke kira Janar, saboda sunansa na Japananci ya fi ƙarfin bakin Mai Aski. Mu huɗu ne: Yaya, da Mai Aski na shagon da ke jikin namu, da Anti Nas da ke biyowa daga asibiti da farin takalminta, sai ni. Mazaunina wani akwatin kayan gyara ne a lungu, kusa da fanka.

Tabarau suke ce mini. A gida ba ni da baki. A makaranta kuwa in aka kira ni, sai harshena ya yi nauyi, amsar da na sani sarai ta gudu ta bar ni tsaye. Shagon nan ne kaɗai wurin da nake buɗe baki in ga an yi shiru ana saurarena, ko da za a yi mini dariya daga baya.

Al'adarmu ita ce kafin a danna, kowa ya faɗi hasashensa. Doka kuma ɗaya ce. Labarin daga littafin zane aka ɗauko shi, manga, kuma littafin ya yi wa shirin nisa sosai. Duk wanda ya leƙa littafin, sannan ya zo yana yi mana burga da sunan hasashe, ya fita, sai zangon ya ƙare. Mai Aski ne ya kafa dokar, bayan wani abokinsu ya ɓata musu ƙarshen wani shiri bara. Har yau in mutumin ya zo aski, sai Mai Aski ya ce inji ya lalace.

Shirin kansa labari biyu yake ja. Ga wani yaro mai kirki a makarantar koyon takobi a kan dutse, wurin wani tsohon malami mai rawar hannu. Ga kuma Janar, mai abin ƙarfe a fuska, yana ƙone garuruwa yana nufo dutsen. Kowa na jiran ranar da yaron zai tare shi.

"Ubansa ne," in ji Mai Aski wata Asabar, yana karkaɗa cokalin shayi. "Janar uban yaron nan ne. In ba haka ba, ku aske mini gira."

"Ni dai kada a taɓa mini tsohona," in ji Anti Nas tana cire takalmi. "Sauran duk su kashe juna."

Yaya ya ce Janar mace ce, don kawai ya ja Mai Aski da faɗa. Sai suka juyo gare ni.

Tun ranar Laraba nake jera maganar a kaina, amma da na buɗe baki sai ta fito a karkace. Na ce akwai bishiya a ƙofar makarantar. In ana nuna yaron, bishiyar ba ta kai katanga ba. Amma da aka nuna dutsen daga sansanin Janar, ta haura rufin. Na ce ba lokaci ɗaya ake nuna mana ba. Yaron da ne, Janar yanzu. Kuma ba za su taɓa haɗuwa ba, domin yaron shi ne Janar.

Mai Aski ya kwashe da dariya har shayi ya zubo masa a wando.

"Bishiya! Jama'a, mu muna kallon yaƙi, ita tana auna itace. Masu zanen ne suka manta, Tabarau. Su ma mutane ne, suna jin yunwa."

Na sunkuyar da kai. Yaya ya danna.

Can wajen ƙarshen kashin Janar ya tsaya a gindin dutsen, ya kai hannu ya cire abin fuskarsa. Ga tabon nan a kan girarsa ta hagu, wanda yaron ya samu ranar da ya faɗo daga katanga. Aka nuno bishiyar can sama a kan dutsen, ta zama ƙatuwa.

Wani daɗi ya taso mini tun daga ciki. Na toshe baki da hannu don kada in yi ihu. Na juya in ga fuskokinsu, ina jiran ko mutum ɗaya ya ce kai, yarinyar nan! Babu wanda ya ce. Fanka kaɗai ke magana.

"Biri ya yi kama da mutum," in ji Mai Aski a hankali.

"Me kake nufi?" in ji Anti Nas.

"Ina nufin ta leƙa."

Da farko ban ma gane da ni yake ba.

"Ban... ban leƙa ba. Bishiyar ce, ai na faɗa muku, bishi..."

"Ke raba ni da bishiya! Shekara nawa ina kallon abin nan? Tun kina rarrafe. Ni ban gani ba, yayanki bai gani ba, sai ke da ido huɗu? Kowa a layin nan ya san ki da littafi. Takardar da aka ƙunso sabulu ma sai kin karanta. A ce littafin Janar yana nan a waya kyauta, ki ƙyale shi?"

Na miƙa masa wayata. Na ce ya duba. Ko kallonta bai yi ba, ya ce ai yaran yanzu sun fi kowa iya gogewa.

Sai na dubi Yaya. Shi ne yake jin ni ta bango ina mayar da kashi baya ina sake kallo. Kalma ɗaya ta ishe ni daga bakinsa. Ya ɗauki wata 'yar sukudireba yana juyawa a hannu, ya ce, "Ni dai gaskiya ban san abin da take karantawa ba in ta kulle ɗaki."

Da marina ya yi da ya fi sauƙi.

Anti Nas ce ta shiga tsakani, kuma na san da kyakkyawar niyya ta yi. Ta ce kada a kori yarinya a kan zato. A bari sai mako mai zuwa, in sake yin hasashe. In na sake cinka daidai, to an tabbatar. In na kuskure, magana ta mutu.

"Na yarda," in ji Mai Aski. "Adalci ke nan."

Sai da muka kama hanyar gida na fahimci abin da aka ɗora mini. In na yi tunani da kyau, ni ɓarauniya ce. In na yi shirme, ni mutuniyar kirki ce. Gaba kura, baya siyaki.

Makon nan ban yi wa Yaya magana ba. In ya shigo falo na fita, in ya miƙo kofi na yi kamar ban gani ba. Umma ta gaji ta ce, "Wai a kan katun kuke wannan gaba? Ku da girmanku?" Na tashi na bar mata wurin kafin kuka ya ƙwace mini, kuma ba kukan baƙin ciki ba, na haushi.

Ranar Alhamis ya same ni ina shanya a bayan gida.

"Ke, saurara. Abin nan fa mai sauƙi ne. Ranar Asabar ki faɗi wani shirme kawai. Ki ce Janar zai zama tsuntsu. A yi dariya, a wuce wurin."

Na matse rigar da ke hannuna.

"Ashe ka san ban leƙa ba."

"Wa ya ce kin leƙa? Amma kin san halinsa. Maƙwabcina ne, layin wuta ɗaya muke ja. In tsaya ina musu da shi a kan zane?"

"A kan zane? A kaina dai, Yaya! Ya ce ni maƙaryaciya ce a gabanka, kana wasa da sukudireba!"

Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Shi ma ya tsorata, ya ja da baya yana cewa, "To, Allah ya ba ki haƙuri, Malama," ya shige.

Ba zan ce shawararsa ba ta shige ni ba. Na yi ta tuna akwatina a lungu, da ƙamshin dalma, da yadda Anti Nas ke dafa kafaɗata in abu ya ba ta tsoro. Har na gwada faɗin maganar tsuntsun a gaban madubi. Sai na ga bakina yana yi, na ji ƙyamar kaina. Na koma na sake kallon tsofaffin kashin daga farko, ina tsayarwa ina dubawa, har na samu abin da nake nema. Ƙullin da Janar ke yi wa igiyar takobinsa irin na tsohon malamin ne, mai kunne biyu, wanda ya koya wa yaron da hannunsa mai rawa. Mutumin da ya ƙone garuruwa amma bai daina wannan ƙullin ba, ba zai iya kashe wanda ya koya masa ba. Na tabbata kamar yadda na tabbata da sunana.

Asabar ta zo. Mai Aski har da sayo lemo, wai yau akwai shari'a. Ya zauna ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"To, boka, a buga mana ƙasa."

Yaya yana ta ƙyafta mini ido. Anti Nas ta yi mini murmushin da take yi wa mai jiran allura.

Na miƙe tsaye, abin da ba wanda yake yi. Wannan karon muryata ta fita. Na faɗi maganar ƙullin daga farko har ƙarshe. Na ce Janar zai hau dutsen, zai zare takobi, amma ba zai kashe tsohon ba. Na ce wannan shi ne abin da na gani da idona, kuma wanda bai gani ba, matsalar idonsa ce.

Yaya ya dafe kai. Mai Aski ya ce, "Kun ji ko? Har da ƙulli. Shafi na nawa ne?"

Aka danna.

Ko waƙar farko ba a kai ba. Janar ya shiga ƙofar makarantar, tsohon ya fito da sandarsa, ya kira shi da sunan yarinta. Janar bai ko tsaya ba. Sara ɗaya. Sandar ta gangara kan matakala, tana bugawa tana sauka.

Na ji kamar ni aka sara. Ina son tsohon nan. Kuma na yi imani da ƙullin.

Sai ihu ya tashi a shagon.

"Ta faɗi! Wallahi ta kuskure!" Yaya ne yake tafi, fuskarsa fal murna. "Ba na ce muku ba? Ƙanwata ba ta leƙe!"

"Ashe sa'a ce ta wancan makon," in ji Mai Aski, yana dariya har da riƙe ciki. "Makaho ya taka kuɗi! Shi ke nan, Tabarau, na yafe miki. Zauna. A ba ta lemo."

Ya yafe mini.

Anti Nas tana share hawayen tsohonta da hannu ɗaya, tana jawo ni da ɗayan. "Alhamdu lillahi, kin ga an wanke ki. Zauna mana."

Na dubi lemon da aka miƙo. Na dube su, su uku, yadda suke sona a wannan lokacin, yadda fuskokinsu suka sake. Makon jiya da na yi daidai ko kallona ba su iya yi ba.

"Me ka yafe?" na ce.

"Iye?"

"Na ce me ka yafe? Me na yi maka? Bishiyar tana nan, je ka duba, ba sa'a ba ce! Kai ne ba ka gani ba, shekara da shekaru kana kallo baki buɗe kamar mai jiran ƙuda! Ka kira ni maƙaryaciya, kuma har yanzu ban ji ka ce ka yi kuskure ba. Kai kuma Yaya, yaushe ka ce musu? Yaushe? Ina nan a wurin, ban ji ba!"

"Ke, ki iya bakinki," in ji Yaya. "Sa'anki ne?"

"Haba 'yar ƙanwata," in ji Anti Nas, "ai ya wuce."

"Bai wuce ba, Anti. In na zauna, duk ranar da na sake yin daidai sai an sake kafa mini kotu. Sai dai in riƙa zuwa ina faɗuwa kuna tafi."

Mai Aski ya yi tsaki, ya ce yaran zamani ba a iya musu, an kore su kuka, an bar su kuka. Ya ce Yaya ya mayar baya kaɗan, surutu ya sa bai ji abin da Janar ya ce ba.

Kuma Yaya ya mayar.

Na ɗauki jakata. Sai da na sunkuya kafin na fita, saboda ƙofar rabi take, kuma gefenta ya bugi kaina, abin da ya ƙara mini haushi. Ina jin Anti Nas tana kirana, kashin bai ƙare ba, in dawo. Ban juya ba.

Titi cike da masu komawa gida. Na yi ta tafiya da sauri, tabarau ya yi hazo, ina cirewa ina gogewa da gefen mayafi. Wajen shagon mai faci wani abu ya faɗo mini a rai: tsohon bai ɗaga sandar ba. Ko kaɗan bai kare kansa ba, kamar wanda ya san da zuwan saran, kamar ma shi ya shirya. To in haka ne...

Na tsaya cak, har na juya zan faɗa musu, bakina a buɗe. Mai faci ya ɗago yana kallona, da tayar keke a hannunsa.

"Lafiya, 'yan mata?"

"Lafiya lau," na ce, na wuce.